Yadda ake duba tsohuwar jitar bes a san lafiyarta da kuɗinta

Jitar bes mai aiki da lantarki ita ce jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke ba da amon ƙasa a cikin kiɗa, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ganga. Leo Fender ne ya fara ƙera ta da yawa don kasuwa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka, inda ya fitar da samfurin Precision Bass a 1951, ya biyo da Jazz Bass a 1960. Tsawon da tsirkiya ke kaɗawa a kansu inci 34 ne, wato kusan santimita 86, kuma wannan awon ne yawancin kamfanoni suka bi har yau. Mafi yawan bes da ake gani a ƙasar Kano, ko dai ɗaya ce daga cikin waɗannan biyun, ko kuma kwaikwayonsu.

Tsofaffin da ke hannun mutane a nan ta hanyoyi biyu suka zo. Wasu sun shigo tun shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya wadata, zamanin da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga da otal ɗin Bagauda a yankin Bebeji. A wancan lokaci manyan otal-otal na ƙasar nan suna ɗaukar ƙungiyoyin makaɗa, sojoji da 'yan sanda suna da nasu, ga kuma irin su Bala Miller da suka yi suna a Arewa da kiɗan zamani. Da fiyano ya mamaye situdiyon Kano daga ƙarshen shekarun 1990, mutum ɗaya ya koma yana fitar da amon ganga da bes da algaita daga na'ura guda, sai aka jingine jitoci da yawa a ɗakunan ajiya. Hanya ta biyu ita ce gwanjo: kwantena na sauke kaya a Legas ko Kwatano, su bi ta kasuwar Alaba, wasu su ƙaraso shagunan Sabon Gari. Saboda haka matashin Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa yana iya cin karo da irin wannan jita a majami'ar da ke son sabunta kayanta, ko wurin mai ba da hayar kayan sauti, ko cikin kayan gado. Waƙoƙin makaɗan Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar da ke yawo a wayoyi sun kuma sa matasa da dama sha'awar riƙe jita da hannunsu.

Tsohuwar bes tana da daraja iri biyu, kuma haɗa su wuri guda shi ke jawo asara. Akwai darajarta a matsayin kayan aiki, wato ko tana kaɗuwa da sauƙi, tana ba da sauti mai tsabta, tana riƙe saiti. Akwai kuma darajarta a wurin masu tara kayan tarihi, waɗanda ke biyan kuɗi don shekarar da aka ƙera ta da kuma kasancewar ba a sauya mata komai ba. Ta farko ana gane ta da ido da kunne da yatsu cikin rabin awa. Ta biyu sai da hujja. Matashin da zai fitar da kuɗin da ya tara daga noman rani ko sana'ar hannu ya kamata ya biya kuɗin ta farko kawai, sai fa idan hujjar ta biyu ta tabbata a gabansa.

Dubawa tana farawa ne daga wuya, domin nan ne ran jitar yake. Lamarin kamar sayen babur na hannu ne, inda mai hankali ke sauraron inji kafin ya kalli fenti. Tsirkiyoyi huɗun nan idan an ɗaure su daidai suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 70 zuwa 80, dare da rana, shekara da shekaru. Abin da ke hana katakon miƙa wuya shi ne wata sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa, mai noti a ƙarshenta da ake ɗaurewa ko sassautawa. Mai dubawa zai fara ɗaure tsirkiyoyin zuwa saitinsu, sannan ya ɗaga jitar ya sa idonsa daga wajen kai, ya bi gefen wuyan da kallo har zuwa jiki, ya yi haka ta gefen dama da na hagu. Lafiyayyen wuya yana da ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba, iri ɗaya a gefe biyun. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa, wuyan ya murɗe ke nan, kuma wannan ciwo ne da noti ba ya warkarwa.

Akwai awo mai sauƙi da ba ya bukatar kayan aiki. A danne tsirkiya mafi kauri a kan ƙarfen farko na wuya, irin ƙananan ƙarafan nan da ke gicciye waɗanda makaɗa ke kira firet, a kuma danne ta da ɗaya hannun a kan na ƙarshe. Tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen ma'auni ke nan. Sai a duba tazarar da ke tsakaninta da firet na bakwai ko na takwas. Abin da ake so shi ne kusan kashi uku cikin goma na milimita, wato ɗan katin takarda ya shige da ƙyar. Idan babu tazara sam, wuyan ya koma baya, tsirkiya za ta riƙa gogar ƙarafan tana zizza. Idan kuwa tazarar ta kai a zura kwabo, wuyan ya lanƙwashe da yawa, sai a koma ga notin.

Gwada notin shi ne mataki mafi muhimmanci a duk cinikin, shi ne kuma wanda matasa suka fi tsallakewa don kunyar mai kaya. A tsofaffin Fender notin yana gindin wuya, wurin da ya haɗu da jiki, wani lokaci sai an sassauta wuyan kafin a kai gare shi. A wasu samfuran yana wajen kai, ana juya shi da alanki. Da izinin mai jitar, a sassauta tsirkiyoyi, a fara juya notin baya kaɗan don a ga yana motsi, sannan a juya shi gaba abin da bai wuce rubu'in zagaye ba. Notin da ke tafiya da ɗan tauri kuma wuyan na amsawa, lafiya lau. Wanda ya ƙi motsi, ko dai tsatsa ta kama shi ko an riga an ɗaure shi har ƙarshe, kuma tilasta masa yana iya karya sandar. Wanda ke juyawa sakaka ba tare da wuyan ya sauya ba, alama ce sandar ta riga ta karye ko haƙoranta sun cinye. Gyaran wannan yana bukatar a ɓamɓare fuskar wuyan gaba ɗaya, aikin da masu iya shi ba su da yawa ko a manyan birane. Mai kayan da ya hana a taɓa notin, ya rage kuɗi kamar dai an tabbatar sandar ta mutu, in ba haka ba a bar masa abinsa.

Wani ciwon da ya zama ruwan dare a tsofaffin bes shi ne tudun da ke tasowa a ƙarshen wuya, daidai inda ya hau kan jiki. Ana gane shi idan firet na ƙasa suna ba da sauti mai kyau amma daga na goma sha biyar zuwa sama sautin yana shaƙewa. Masu sayarwa kan ɓoye wannan ta hanyar ɗaga tsirkiyoyi sama daga wajen jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a kan jiki. Shi ya sa ake auna tsayin tsirkiya: a firet na goma sha bakwai, tazarar mafi kauri daga ƙarfen ta tsaya wajen milimita biyu da rabi. Jitar da ba ta yin shiru da zizza sai an ɗaga tsirkiyarta ninkin haka, akwai abin da take ɓoyewa.

Yanayin kudancin Kano yana da nasa hannu a wannan. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A nan kuwa hunturu kan sauke ta ƙasa da kashi 20, damina ta mayar da ita sama da 70, musamman wajen Doguwa da dajin Falgore inda ruwa ya fi yawa. Katako yana tsukewa da rani, ya kumbura da damina, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Sakamakon haka bakin firet kan leƙo ta gefen wuya yana kartar hannu a watan Janairu. Wannan ƙaramin abu ne, ana goge shi da zarto mai laushi. Abin tsoro shi ne tsagewar fuskar wuyan ko ɗagowarta daga katakon da aka manna ta a kai. Jitar da ta sauka daga kwantena kwanan nan ba ta taɓa ganin hunturu ba, don haka wuyan da ya yi kyau a watan Agusta yana iya sauya hali kafin Fabrairu. Wadda ta shekara talatin a Kano kuma wuyanta na nan a miƙe ta riga ta ci jarrabawar, kuma wannan abin a yaba mata ne a wajen ciniki.

Su kansu firet ana duba su ta hanyar janye tsirkiya gefe a ga ko ta haƙa rami a ƙarƙashinta, galibi a biyar na farko. Sannan a kaɗa kowace tsirkiya a kowane firet, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da gaggawa ba. A bes irin ta Fender akwai wani wuri a tsirkiya mafi siriri, tsakanin firet na biyar da na bakwai, inda sauti kan mutu da wuri. Wannan hali ne na ƙirar, ba lahani ba ne da za a fasa ciniki saboda shi.

Jiki ba ya ɗaukar lokaci. Ƙujewa da ɓarewar fenti ba sa taɓa sauti. Abin nema shi ne tsaga a kusa da mahaɗar wuya da jiki, da ƙananan ramuka masu zubar da gari waɗanda ke nuna ƙwaro ko gara sun shiga, abin da kan sami jitar da aka jingine a ɗakin ƙasa. A ɗan girgiza wuyan hagu da dama a ji ko yana motsi a mazauninsa. Samfuran Gibson irin su EB-0 na 1959 da Thunderbird na 1963 sun yi ƙaurin suna wajen karyewa a bayan kai, don haka a haska wurin da tocila a nemi layin gam. Idan aka buɗe murfin wayoyi aka ga katakon hawa-hawa ne kamar filawud, jitar mai araha ce tun asalinta, ko wane suna aka rubuta a kanta.

Daga nan sai lantarki, kuma ba a sayen bes ba tare da an jona ta da amfilifaya ba. Ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, su ne ke mayar da kaɗawar tsirkiya ta zama sauti. A ƙwanƙwasa kowannensu a hankali da bakin sukundireba, lafiyayye zai amsa da ƙara a lasifika. Mai gyaran rediyo na iya auna su da mitarsa: na Precision kan nuna wajen om dubu 10 zuwa 11, kowane ɗaya na Jazz wajen dubu 7 zuwa 8. Mitar da ba ta nuna komai ba tana nufin wayar ta tsinke a ciki. Ƙarar ƙaiƙayi idan ana juya maɓallin murya yawanci ƙura ce, kuma ƙurar hunturu ba ta barin komai, wankewa kawai take so. Jazz Bass kan yi ɗan gurnani idan aka buɗe maganaɗisu ɗaya aka rufe ɗaya, ya ɗauke idan aka buɗe su daidai, wannan ma ƙirarta ce. Wutar janareta tana ƙara hayaniya, saboda haka kada a yanke hukunci kafin a gwada da wata wutar ko wata igiyar. Samfuran da ke aiki da batir mai bolt 9, waɗanda Music Man StingRay ta 1976 ta yaɗa, a buɗe ɗakin batirin a ga ko ya taɓa zubewa ya cinye wayoyi. Idan kuwa tsirkiya ta ja mutum da wuta, laifin amfilifaya ne ko wayar gidan, kuma a zare filogi nan take, domin irin wannan ya kashe makaɗa. Amfilifayar gwanjo daga Amurka an yi ta ne don bolt 120, wutar Najeriya kuwa 230 ce, jona ta kai tsaye ƙona ta ne.

Sai bayan an gama da lafiya ake tambayar asali. Sunan da ke kan jita shi ne hujja mafi rauni, domin tambarin manne ne da ake bugawa a sayar da araha, kuma jabun Fender sun cika kasuwannin duniya. Lambar kamfani ta fi shi, amma ita ma ana kwafa. Kafin 1976 Fender galibi tana buga lambar ne a farantin ƙarfen da ke riƙe wuya ta baya: masu farawa da harafin L na 1963 zuwa 1965 ne, masu babban tambarin F kuwa daga ƙarshen 1965 zuwa 1976. Daga nan lambar ta koma wajen kan jitar, S na nufin shekarun 1970, E na 1980, N na 1990. A lura cewa masana'antar Japan ma ta yi amfani da E a tsakiyar shekarun 1980, don haka a karanta sunan ƙasar da aka rubuta. Farantin ƙarfe kuwa noti uku ko huɗu ne ke riƙe da shi, kowa na iya cire shi daga wata jitar ya ɗaura a wata.

Hujjoji masu ƙarfi suna ciki. Idan aka kwance wuyan tsohuwar Fender, a gindinsa akan sami kwanan wata da fensir ko hatimi. A bayan maɓallan murya kuma akwai lambobin kamfanin da ya ƙera su: 137 na CTS ne, 304 na Stackpole, sannan shekara da mako su biyo baya. Lamba kamar 1377412 tana nufin CTS, shekarar 1974, mako na 12. Bambancin 'yan watanni tsakanin wuya da maɓalli ba abin damuwa ba ne, domin kamfanin yana ɗiban kayan ne daga tarin da ke ajiye. Bambancin shekara goma yana nufin an yi sauyi. Dalmar da aka liƙa wayoyi da ita ma tana ba da labari, tsohuwa ta dushe, sabuwa tana ƙyalli.

Dalilin wannan bin diddigi shi ne kuɗi. Kamfanin CBS ya sayi Fender a watan Janairun 1965 a kan dala miliyan 13, kuma masu tara kaya sun fi daraja abin da aka ƙera kafin wannan cinikin. Bes ta Fender ta farkon shekarun 1960 da ba a taɓa ta ba tana wuce dala dubu goma a kasuwannin Amurka da Turai. Ta shekarun 1970 ba ta kai nan ba, kuma wasu na ƙarshen shekarun suna da nauyin da ya kai kilo biyar, mai gajiyar da kafaɗa. A wurin waɗannan masu saye, sake fenti kaɗai kan zubar da kusan rabin kuɗin jita, huda sabon rami ko sauya maganaɗisu ma kan rage shi. Wannan shi ne abin da ya fi ciwo a nan gida: matashi ya gaji jita mai ɓarewar fenti, don ƙaunarta ya kai wa mai fentin mota ya goge ta da sanfefa ya fesa mata ja mai ƙyalli. Wanda ya sami tsohuwar jita da bai san asalinta ba, ya goge ta da busasshen ƙyalle kawai ya dakata. Duk abin da dole ta sa aka cire, ko da noti ne mai tsatsa, a ƙulle shi a leda a ajiye cikin akwatinta.

Gaskiyar magana, samun irin waccan Fender a Kwanar Dangora ko Sabon Gari abu ne mai wuya ƙwarai, kuma wanda ya shiga kasuwa da wannan mafarkin shi dillali ya fi jin daɗin samu. Abin da ya fi yiwuwa, ya kuma fi amfani ga mai koyo, shi ne ƙirar Japan ta ƙarshen shekarun 1970 da na 1980: Yamaha jerin BB da aka fara a 1977, Ibanez, Greco, Tokai, da Aria da Westone na masana'antar Matsumoku wadda aka rufe a 1987. Akwai kuma Squier ta farko da Fender ta fara yi a Japan a 1982, mai lamba da ke farawa da JV, wadda ake nema sosai yanzu. Waɗannan an yi su da katako mai kyau da aiki mai tsabta, kuma sau da yawa mai shago yana yi musu kuɗi ƙasa da jabun da ke ɗauke da babban suna. Ƙirar Japan ta shekarun 1960 irin ta Teisco daban ce, tana da ban sha'awa a ido amma wuyanta kan ba da wahala.

Wajen sa kuɗi, abin dubawa shi ne nawa aka sayar da irinta, domin kuɗin da mai kaya ya ambata buri ne kawai. Kasuwannin intanet irin su Reverb da eBay suna nuna cinikin da aka kammala, kuma daga nan ake samun ma'auni. Amma wancan kuɗin na wurin da masu saye suke da yawa ne, a Kano kuwa masu neman tsohuwar bes ƙalilan ne, don haka kuɗin gida yana ƙasa da shi. Daga abin da ya rage sai a cire kuɗin gyara ɗaya bayan ɗaya: sabbin tsirkiyoyi, waɗanda na bes suka ninka na jita mai shida tsada, gyaran firet, maɓalli ko kunnen ɗaure tsirkiya da za a yi odarsa daga Legas ko waje da kuɗin dala, da kuɗin motar kai ta Kano da dawowa, wanda ga mutumin Riruwai ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya saura shi ne tayin da ya dace. Idan mai kaya ya ce albarka, ba laifi a tafi a dawo, irin wannan kaya ba ya ƙarewa a kasuwa da wuri. Akwatinta na asali da takardar sayenta ta farko suna ƙara mata kuɗi.

Kafin a biya, a tambayi yadda jitar ta zo hannun mai sayarwa, domin kayan kiɗa na daga cikin abin da ake sacewa a majami'u da motocin makaɗa, kuma lambar kamfani tana tona asiri ko bayan shekaru. Kayan sata kan bayyana ko an daɗe: bes ɗin Höfner da makaɗi Paul McCartney ya saya a Hambug a 1961, aka sace a Landan a 1972, an sanar da komawarta hannunsa a 2024. A rubuta takardar ciniki mai ɗauke da sunan samfuri da lambarsa da kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu, a kuma rubuta lahanin da aka gani aka yarda da shi. Wannan yana kare ɓangare biyu, tunda a shari'a ɓoye aibin kaya algus ne, kuma mai saye yana da damar mayar da kayan idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Wanda ke da niyyar sayar da jitar a ƙasar waje ya san cewa fuskar wuyan Fender da yawa na farkon shekarun 1960 an yi ta ne da wani katako na ƙasar Barazil da yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992, kuma fitar da irin wannan jita yana bukatar takardar izini mai nuna an ƙera ta kafin wannan shekarar.